Ladan Mai Duba Hayaƙi

Ku da kuka san marigayi Ladan kun san ba a samunsa a ofis da azahar. Yana can bisa tudu a unguwar Gawon Nama, ya jingine kekensa, ya ɗaga hanci sama yana duba gidan da ke hayaƙi da wanda ba ya yi. Wai masanin tattalin arziki ke nan! Tare muke aiki a ma'aikatar tsare-tsare, ni ne mai digiri daga Ingila, amma kullum shi ake nema. Wallahi abin yana ci mini rai.

Da kuɗin mai suka zubo, kowa ya sayi mota. Na fito da Fijo fara fes, na tsaya gabansa na danna ham.

"Ladan, ka yar da keken nan, kana ba mu kunya."

"Garba, abin ga gudu gare shi. Mi hancinka ka ji ciki?"

Haka muka shiga unguwa, ni a mota, shi a keke, tsofaffi na ta "Sannu Malam Ladan!" Ni ko kallo ban samu ba.

To, sai farashin mai ya faɗi, kasuwa ta yi sanyi. Gwamnan soja ya tara masana daga ko'ina, a tattauna yadda za a farfaɗo da arziki, a rage tazara tsakanin mai shi da marar shi. Wanda ya fi burge shi, shi zai wakilci jiha a babban taron Ikko. Wata uku ina rubuta takardata, har kwat na ɗinka. Ban kai rabin karatu ba na hango gwamna yana gyangyaɗi.

Ladan ya miƙe hannu rabbana, ko biro babu.

"Ranka shi daɗe, bara kowane gida layinmu yana hura wuta da rana. Bana sai gidan dillalin shinkahwa. Unguwar manya kau hayaƙin janareta na. Ku bar tambayar takarda, ku tambayi murhu."

Gwamna ya wartsake, ɗaki ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, da yatsa biyu.

Gwamna ya dubi Ladan ya ce, "Malam, kai za ka Ikko."

"Ikko? Can hayaƙin mota na, ban iya karanta shi. Ku aika Garba, shi ad da kwat."

Aka kwashe da dariya. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi! Amma fa na tafi. Kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: da na ga manyan Ikko sun fara hamma, na ajiye takardata na zuba musu maganar Ladan tsaf, ban ambaci sunansa ba. Jaridu suka buga, aka ƙara mini girma.

Na dawo ina ɓoye fuska, sai ga shi da jarida a hannu yana washe baki.

"Garba, ka yi magana! Ko sun ce za su gyara?"

Iyakar abin da ya tambaya ke nan. Na so ya ji haushi ko sau ɗaya, mu zama daidai, har ya koma ga Allah bai ji ba.

Allah ya jiƙan Ladan, ya yafe mini. Ya Allah ka ɗaukaka shi a can fiye da ni. Wannan karon da hannu biyu zan tafa.