Na Hau Dandamali a Madadin Abu Mariya

Bari in fara da wautata. Da aka ce ƙasar Kirista zan je, sai na shiga kasuwa a Aziziyya, nan Jidda inda nake aiki, na sayi jibgegiyar rigar sanyi, don a kaina duk inda ake buga ƙararrawar coci ƙanƙara ce ke zuba. Na sauka Manila na tarar zafinsu ya fi namu mugunta.

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Kurayyat, ni da wani abokin aikinmu ɗan Filifin da zai je hutu, shi ne bakina, shi ne kunnena. Abu Mariya ne dalilin tafiyar, shi ma ɗan Filifin ne, da sunan 'yarsa muke kiransa. Shekaru muka yi tare a tashar jiragen ruwa, yana sama cikin kiren, injin ɗaga kaya, ina ƙasa ina ɗaga masa hannu. Bara zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki. 'Yarsa tilo, Mariya, ta gama karatun jinya a wata jami'ar Katolika, kuma a al'adarsu uwa da uba ne ke hawa dandamali su rataya wa ɗansu lambar yabo. Ta aiko cewa ba ta son gefen uba ya zama wayam, ni take so in tsaya. Kafili, ubangidana a wurin aiki, ya yarda, na ce halas, shi ke nan, amma raina bai kwanta ba.

Titunan Manila a cushe suke. Motocin hayarsu an yi musu fenti kamar za su biki, ka zauna gwiwarka na gaisawa da ta na gabanka. Mangwaro da kwakwa araha kamar banza. Nama kuwa ban yarda da shi ba, kifi da shinkafa na bi har na fara jin ƙaya a maƙogwaro ko ruwa na sha.

Jami'ar gari guda ce. An ce limaman Sifen ne suka kafa ta tun kakannin kakanni. Ga sashen likitoci, ga na shari'a, ga na injiniyoyi, ga na jinya kusa da asibitinsu. Ni da karatuna ya tsaya a allo, sai gyaɗa kai nake kamar na zo duba aikin. A wani dogon zaure sun jera hotunan tsofaffin ɗalibai, alƙalai da ministoci da manyan likitoci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a rataya hoton mai tuƙa kiren a irin wannan bango, ko da guminsa ne ya zaunar da 'yarsa a aji.

Da azahar wani tsohon fada, limamin cocinsu, ya buɗe mini ofishinsa, ya nemo alƙibla a wayarsa, ya ja ƙofa ya fita.

Da aka shiga babban ɗakin taro na ga ƙaton gicciye saman dandamalin. Na ce a raina, idan hoton nan ya isa majalisarmu, har in mutu ba za su bar ni ba. Aka kira sunan Mariya. Uwarta ta miƙe. Ni na yi zamana.

Abokin tafiyata ya zungure ni. "Yalla ya Haji! Kaya na rataye a sama, kai kana zaune?"

Na hau. Ina rataya mata lambar, igiyar ta ture mata hula, ɗakin ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ɗora a goshinta, yadda suke gaida iyaye, ta ce, "Tito." Kawu ke nan. Hawayenta ya jiƙa mini yatsu.

Na dawo Jidda lafiya, na koma bakin aiki, wani ne yanzu a cikin kiren ɗin. Na koyi cewa tsayawa a gurbin mamaci ba a dandamali yake ƙarewa ba. Ranar da zan taso daga Manila, Mariya ta gaya mini da murna cewa ta nemi aiki a wani asibiti a nan Jidda. Uwar ta jira Mariya ta fita, ta sa aka fassara mini:

"Ya tafi ne don kada ita ta tafi. Tunda ka zama ubanta, ka ce mata ta zauna."