Garuba Maƙeri da Libarbar Irimiya

Garuba ya yi shekara ashirin yana gugar ƙarfe a loko, ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, kafin ya kafa rumfarsa a Tudun Wada, inda maharba ke kawo masa bindigogin toka. Mutum ne da bai cika yarda da kowa ba. Tun ranar da wani baƙo ya ajiye masa bindiga, 'yan sanda suka biyo sawu ya kwana uku a hannunsu, ba ya taɓa ƙarfen mutum sai ya ji asalinsa.

Bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga ana harbewa, wata tsohuwa Hannah ta zo daga Beji da ƙwarya a kafaɗa. Ta yaye dawar da ke sama, sai ga libarba, ƙaramar bindigar nan mai cin harsashi shida.

Garuba ya leƙa titi hagu da dama.

"Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baba. A rufin rumbu na same shi."

"Rumbun wa?"

"Na mijina Irimiya. Ya yi yaƙin Bama na zamanin Bature, ya mutu bara." Ta yi ƙasa da murya. "Amma yarona Shekwolo wata huɗu ke nan da dawowa daga soja. Ba aiki, kuma kullum sabon takalmi. In nasa ne, gara in sani kafin wasu su sani."

Sai da ya sake tambayarta sau biyu, ya ga maganar ba ta canza ba, sannan ya sa tsumma ya ɗauka. Ya goge gefe, kambin Sarkin Ingila ya fito. Hannah ta fara murna, ya girgiza kai.

"Kada ki yi sauri. Irin wannan Bature ya bar su da yawa, har a yaƙin nan an riƙe su."

Ya buɗe ta, ya zazzage harsasan a tafin hannu. Bai yi boko ba, amma loko ta koya masa lamba. A gindin kowanne akwai huɗu da uku, wato shekarar arba'in da uku aka yi su, lokacin yaƙin Bama. Duk da haka bai gamsu ba, don tsohon harsashi ma yana shiga sabon hannu. Ya shinshina, babu warin albarushi, sai na man kaɗe da ya daskare ya yi baƙi. Bakin kuma an toshe shi da kakin zuma. Ya sa waya ya yi ta ƙwaƙula a hankali, har wani ƙyalle ya fito.

Hannah ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Zanen aurena ne. Shekarar da Irimiya ya dawo daga Bama na ga an yage gefen, na yi ta zagin ɓera."

"To, Uwar Shekwolo, tun ɗanki bai yi wayo ba aka toshe bakin nan. Takalmi kuma ki tambaye shi da kanki."

Ta sauke numfashi. "In an sayar, nawa zai yi?"

"Ko sisi kada ki karɓa. Mai sayenta yau shi zai nuna gidanki gobe. Ki kai wa mai unguwa da shaidu biyu, da ƙyallen."

Tana tattara harsasan ta tsaya. Biyar ne cikakku, na shida kwanso ne kawai.

"Baba, wannan fa? A Bama aka harba ko a gida?"

Garuba ya juya kwanson a yatsunsa, ya miƙa mata.

"Wannan kam ban san ranar ba. Ke kika zauna da Irimiya."