Warin Da Na Yi Shiru A Kansa A Hanyar Iferwan

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in sauke ta.

A lokacin ina amarya, ban cika shekara a ɗakin mijina ba, a tsohon garin Agadez. Shekarun fari ne, ruwa ya ƙi sauka, dabbobi suna faɗuwa a bakin rijiya, ga soja sun karɓi mulki sun kafa shinge a kowace mafita ta gari. Ni mace ce mai surutu, har mijina kan tsokane ni wai rediyo ya auro, amma da zarar na hango surukina, mahaifinsa, sai in koma bebiya. Ga kuma cikin fari ina ɗauke da shi, wanda ko mijin ban buɗi baki na gaya masa ba. Haka aka rene mu, cikin fari ba a zancensa, sai dai a gani.

Mahaifiyata tana Iferwan da ƙannena ƙanana, babanmu ya riga mu gidan gaskiya. Labari ya iso mana cewa rijiyoyin lambu sun ƙafe, suna kwana da ruwan zafi a ciki. Surukina, Allah ya jiƙansa, ya haɗa dawar taimako da aka raba mana da ɗan geron da ya ɓoye, ya ce da kansa zai kai mata. Mijina direba ne, yana da tsohuwar bashe, mota mai buɗaɗɗen baya. Tunda babu inda za a sami isansi, wato man fetur, a hanya, sai suka cika tano guda, wato duron ƙarfe, suka ɗaure shi a bayan motar, suka jera buhunan kewaye da shi don kada ya motsa. An ce in shiga gaba, na ce a'a, ina ni ina zama kafaɗa da kafaɗa da suruki? Na hau baya na zauna bisa buhunan.

Tun kafin mu bar gari wari ya fara bugun hancina. Na ce a raina laulayi ne, don a kwanakin nan ko ƙanshin miya tayar mini da zuciya yake. A shingen soja wani daga cikinsu ya zagaya motar yana toshe hanci, ya ce da mijina motarsa tana warin mai. Mijina ya buɗe gaban mota, ya shafa tiyo-tiyon da ke kai mai cikin inji, ya duba marfin tanki, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Ko'ina a bushe. Shi kuwa hancinsa ya daɗe da mutuwa, saboda zuƙar mai da baki da yake yi kullum. Ya ce wa sojan tsohuwar mota ba ta rabo da wari. Ni ina zaune a sama, na san sarai daga ƙarƙashina warin yake tasowa. Amma na ga in na ce ni kaɗai nake jinsa haka, surukina zai kalle ni ya gane halin da nake ciki. Sai na ja mayafi na rufe hanci.

Muka shiga duwatsu, mota tana tsalle, rana tana dukan kai. Warin ya yi ƙarfi har idona na ruwa, kaina kamar zai tsage. Na yi amai ta gefen mota. Da muka tsaya sallar azahar surukina ya ga alamar, ya kawar da kai don kada ya ba ni kunya, mijina ma ya yi kamar bai gani ba. Kowa yana tsare mutuncin kowa, tano kuwa yana ta tsiyaya.

Can da la'asar na ji zanena ya jiƙe. Na ɗauka cikin ne ya zube. Na sa hannu ina salati, na ɗago, sai na ga ba jini ba ne. A nan kunya ta bar ni, na dinga dukan rufin mota da hannu biyu ina ihu. Suka tsaya, muka sauke kaya. Ashe gindin tanon ne ya tsage wurin haɗi saboda gogar ƙarfen mota, mai ya kwanta a daɓen motar, buhunan suka yi ta shansa tun safe. Mijina ya kwantar da tanon, ya karɓi guntun sabuluna ya murza shi da ɗan ruwa har ya yi laushi, ya cusa a tsagar, ya naɗe da tsumma da robar taya. Nan take ɗigon ya tsaya. Gyaran bai kai tsawon dafa shayi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Buhunan saman da ke nesa da inda na zauna kaɗai suka tsira, su ma ba yawa. Na durƙusa ina kuka na faɗi gaskiya, cewa tun daga gari nake jin warin, kunyar kada a gane ina da ciki ce ta hana ni faɗa. Surukina ya kira ni ƴata, ya ce da na yi magana da babu abin da zai ji sai farin ciki, jika ai ba abin ɓoyo ba ne. Wannan lallashin ya fi mini mari zafi.

Da muka isa, mahaifiyata ba ta yarda a zubar da ko ƙwaya ba. Ta shanya dawar a rana, ta wanke ta da ɗan ruwan da ake rowa, ta sake shanyawa, ta surfe, warin yana nan. Sai ta ware mai kyau ta ce na yara ne da mai ciki, don kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ita kuma ta riƙa tuƙa mai warin tana ci a bayan ɗaki. In na yi magana sai ta ce ita tsufa ya kashe mata hanci, ba ta jin komai. Ƙarya take yi, ina jin ta tana kakarin amai. Na roƙe ta har da rantsuwa, ta ce in na ƙara tayar da zancen ba ta yafe mini ba.

Ba ta ga damina ba, ba ta ga ɗana ba. Ko yunwa ce, ko tuwon ne, ko kwana ne ya ƙare, Allah kaɗai ya sani, kuma na yarda da ƙaddara. Amma ƙannena sun rayu da abin da ta hana bakinta, ni kuwa na rayu da sanin cewa kalma ɗaya a bakin shinge da ta ishe mu duka.

Don haka ina roƙon direbobi, in an ce motarku tana warin mai, kada ku tsaya ga inji da tanki kawai, ku sauke kaya ku duba abin da kuka ɗauko, ku tambayi na baya abin da yake ji. Ƴan uwana mata kuma, kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma in kun ji abin da zai cuci mutane, ku faɗa ko a gaban wa kuke. Kunyar da na ji tsoro ta wuni ɗaya ce, uwa kuwa ban sake samun wata ba.