Shaidar Da Na Bayar Kan Kunnen Bijimi

Malam Edita, assalamu alaikum. Kafin masu karatu su wahala wajen neman wawan wannan labari, bari in hutar da su: ni ne. Mahauci ne ni a kasuwar Yankara, wuƙa na gada wajen mahaifina. Boko kuwa aji huɗu na yi, ni da malamin muka rabu lafiya, kowa ya huta. Amma aji huɗun nan ya ishe ni zama alƙalin rumfar mahauta. Babban ilimin da nake taƙama da shi a lokacin shi ne wai ina gane ɓarawon shanu da ido. Ilimin ba shi da wuya: in na ga mutum fari, siriri, da sanda a kafaɗa, ya fito ta wajen daji, to na gama bincike.

Lokacin da satar shanu ta yi tsanani a yankinmu, ran wata kasuwa wani Bafillace ya shigo da bijimi zai sayar. Na duba kunnen bijimin na ga tsaga biyu a na dama, shaidar gidan wani manomi na Mairuwa da na sha yanka dabbobinsa. Ban tambayi kowa komi ba, na je na raɗa wa 'yan sa-kai, nan da nan aka kewaye mutumin. Yana ta faɗin kiwo aka ba shi, mai bijimin ne ya ce ya sayar masa. Wannan kowa ya san ana yi, manomi ya ba Bafillace shanunsa ya haɗa da nasa, ni kaina tumakin matata suna ruga a lokacin. Duk da haka na miƙe gaban jama'a na ce ai duk haka suke cewa. Aka nemi manomin, aka tarar 'yan bindiga sun tashi unguwarsu, ba wanda ya san inda ya nufa. Allah ya sa hukuma aka miƙa wa mutumin, ba a yi masa abin da aka yi wa wasu ba. Aka rubuta shaidata, na sa hannu da alƙalami ina hura hanci, don sauran shaidun dangwale suka yi. Na koma rumfa na manta da shi.

Kusan shekara biyu bayan nan jami'an tsaro suka tare motarmu a hanyar Sabuwa, na sayo saniya. Aka ce duk mahauci ya sauko. Na fara bayani da ɗan Turancina, babbansu ya ce in yi shiru, mahauta ai abokan ɓarayi ne, in ba mu ba wa ke sayen ta sata. Na ce ni dattijo ne, a tambayi kowa a Faskari. Ya ce duk haka muke cewa. Washegari kotu ta tura mu gidan yari jiran shari'a.

Ɗakin da aka sa ni ya cika, kwanciya sai ta gefe, sabon zuwa kuma wurinsa kusa da bokitin bayan gida. Ina tsaye da hula a hannu sai na ji wani daga can ciki ya ce a bar Baba mahauci ya ƙaraso, ya san shi. Bafillacen ne. Ya rame, farin nan da na kama shi da shi duk ya dushe. Wallahi na so a bar ni wurin bokitin. Ya matsa ya ba ni wurinsa a gindin taga, wurin da ya shekara kafin ya samu. Ya ce tsakanin Filani da mahauta wasa ne tun kakanni, amma wasan da na yi masa ya ɗan yi tsawo. Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ban samu tawa ba.

Ina da ciwon suga, abincin wurin kuma bai karɓe ni ba. Shi ke jiƙa min gari, ran da ƙafata ta kumbura shi ya dinga dukan ƙofa har ganduroba ya kai ni wurin mai magani. Na tambaye shi shekara nawa alƙali ya yanka masa. Ya ce ko kwana ɗaya. Sau ɗaya ya ga alƙali aka ɗage zama, daga nan yau a ce ba mota, gobe a ce takardunsa sun ɓace, jibi a ce shaida bai zo ba. Na ce wane shaida? Ya ce wani malami ne mai sa hannu da alƙalami. Ba a taɓa aiko min ba, amma ni ma ban taɓa tambaya ba. Beli kuma an ce sai mai gida a gari da takardar gidan, shi kuwa danginsa bukka gare su, ita ma ta tashi.

Ni kwana goma sha tara na yi, ɗana da sarkin fawa suka tsaya min. Ran da zan fita abu ɗaya Bafillacen ya roƙe ni: manomin nan yana da ƙanwa da ke aure a Kankara, in Allah ya kai ni in tambaya. Sau uku na je. A na ukun na sami manomin yana sayar da rake a bakin tasha. Ya ce shi ya zaci mai kiwon nasa ya gudu da bijimin ne, har ya yafe masa. Da ya ji gaskiyar lamarin ya ajiye wuƙar raken, ya ce in kai shi ya ba da shaida. Aka haɗa mu da wata lauya da ke zagaya gidajen yari kyauta, sa'ar ɗiyata. Na fara karanta mata doka, ta ce Baba zauna ka rubuta ka janye shaidarka, shi kaɗai ake nema wurinka. Da aka shiga kotu, sallamar Bafillacen ba ta kai lokacin fiɗar akuya ba.

Ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, shanunsa sun watse, ɗiyar da ya bari tana rarrafe tana ganinsa ta ɓoye bayan uwarta. Na je har inda suka koma na durƙusa, ni da furfurata. Ya ce ya yafe tun ran da ya ba ni gindin taga. Ina gode wa Allah da ya ɗaure ni kwana goma sha tara, don ba don haka ba da mutumin nan har yau yana ciki, ni kuma ina yanke hukunci a rumfa. Ina gode wa lauyar nan, shi kuwa ban san irin godiyar da zan yi masa ba.

Jama'a, kada ku nuna mutum don kamarsa ko ƙabilarsa ko sana'arsa. Nunawa minti ɗaya ce, fitowa sai Allah. In kun ba da shaida ku bi sawunta ku ga inda ta kai mutum. Hukuma kuma ta dubi masu jiran shari'a, na baro da yawa a ɗakin nan da alƙali bai san da su ba. A kuma karɓi tsayawar arɗo ko mai unguwa ga wanda ba shi da takardar gida.

Yanzu duk ran kasuwa sai Bafillacen ya biyo rumfata. Kwanan baya rediyo ke ba da labarin yadda ake kama baƙar fata a wata ƙasar Turawa don launinsu kawai. Tsohon hali ya motsa, na ajiye wuƙa na fara wa'azi, ina cewa mutanen nan ba su tsoron Allah, ta yaya za ka dubi fatar mutum ka ce mai laifi ne. Yana zaune yana cin balangu, sai da ya haɗiye ya goge hannu, sannan ya dube ni. Ya ce Baba rage murya, in Turawan nan suka ji labarinka, mota za su aiko a ɗauke ka ka je ka koyar da su.