Kujerar da Auta Yake Jawowa

Mai Ido ake kiranta a ofis, kuma ta ci sunan. Aikinta ta zauna gaban kwamfuta kusa da taga, hotunan gungun taurari da manyan madubban hangen nesa suka ɗauko suna wucewa, tana ware su. Wannan murɗaɗɗe ne kamar katantanwa, wancan mulmulalle kamar ƙwai, na can birkitacce, ba kai ba gindi. In hoto ya yi dishi-dishi sai ta karkata kai, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Ga hannayensa nan a naɗe." Da wannan karkata kan ta ɗauki nauyin karatun ƙaninta Auta har ya zama gwanin kwamfuta, ita ce kuma ta yi masa hanya ya shigo ofishin.

Auta ya tsiri jawo kujera kusa da ita. "Yaya, me ya sa kika ce murɗaɗɗe? Ni ƙwai nake gani."

Daɗi kamar ya kashe ta. Ta zage tana bayani, ba ta rage komai ba, har gida take ba Inna labari wai yaron nan ya fara hankali.

Ashe na'ura yake koya wa aikinta. Ranar da shugaban ofis ya tara ma'aikata, Auta ya danna maɓalli, aikin da kan cinye mata watanni ya ƙare shayinta bai huce ba. Aka yi tafi. Shugaba ya yi mata godiya mai tsawo, ya ce ƙarshen wata ta miƙa makulli.

Ta tare Auta a matakala. "Ka sani tun farko?"

"Yaya, in ban yi ba wani zai yi."

"Ai da wanin ka bari ya yi."

Rasa aikin ya yi mata ciwo, amma kujerar nan ta fi ci mata rai, don ita ta ɗauka zumunci ne.

Wata Asabar suna cin abinci a gidan Inna, Auta ya turo mata wayarsa a hankali. "Yaya, wannan ya gagari na'urar. Me kika gani?"

Kanta ya karkata da kansa. Murɗaɗɗe ne, ga hannayensa nan a naɗe. Ta kife wayar a kan tebur, ta tura masa abarsa.

"Ci abincinka, Auta, zai huce."