Guntun simintin da na ɗauko daga kwalbati

Ranar da na cike takardar neman shiga jami'a, lissafi da fiziks na zaɓa. Baba ne ya raka ni shagon kwamfuta a Isa, ya zauna kan benci yana ta gyara hula. Mai shagon ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata.

"Ta tabbata," in ji Baba. "Malama za ta zama. Makarantar garinmu ta daɗe ba ta ga mai koyar da lissafi ba."

Ni ma abin da nake so ke nan. Babu abin da ke kwantar mini da hankali kamar in ga amsa ta fito daidai.

A hanyar komawa gida akwai wani kwalbati da ruwa ya karya tun daminar da anka gina shi. Kowa ya san yadda ake yi a wurin. Direba ya tsaya ya ce a sauka a rage nauyi, mata su tsallake yashi da ƙafa, maza su tura mota ta gefe. Baba za shi tafi turin mota, ya miƙo mini hularsa. "Riƙe min, Malama, kada ta faɗi Innarki ta ce na sai da ta na ci tsire."

Ko la'asar ba a kira ba munka ji babura. Wata mata da ban sani ba ta fizge ni munka shige bakin kwalbatin, ta toshe mini baki da mayafinta. Abin da na ji daga sama ba za ni rubuta shi ba. Na damƙi bango da ƙarfi, sai guntu ya ɓalle ya zauna cikin hannuna. Washegari anka rufe Baba.

Har yau in babur ya wuce ta bayan gidanmu, abin da ke hannuna sai ya faɗi. Guntun nan kuwa yana cikin jakata. In na murza shi da yatsa, zuba yake kamar tsohon ƙuli-ƙuli.

Da malaminmu na fiziks ya zo ta'aziyya na nuna mishi. Ya murza, ya girgiza kai. "Yashi ne zalla, siminti kaɗan anka yayyafa." Ya ce kafin a karɓi irin wannan aiki daga ɗan kwangila, sai injiniya ya zo ya duba ya sa hannu.

"Wato akwai wanda ya duba wannan ya ce ya yi?"

"Dole akwai."

Na kwana biyu maganar nan na cina. Ɓarayin daji ban ga fuskarsu ba, ban san inda za ni same su ba. Amma sun zaɓi wurin ne don sun san dole mota ta tsaya. Wanda ya tsayar musu da mu yana nan, yana zuwa ofis da wankakkiyar riga. Na ce wa Malam za ni canza zuwa injiniyan hanyoyi, tun ba a rufe canji ba.

"Kanki na lissafi ne," in ji shi. "Haushi ba ya ɗaukar mutum shekara biyar a jami'a."

"Nawa haushin za shi ɗauke ni, Malam. So nake biron ya dawo hannuna. 'Yan kwangila su kawo aikinsu suna murmushi, in sa a fasa gaban idonsu, in ƙi sa hannu."

Maganar Inna ta fi zafi. "Ubanki malama ya ce. Kuma ke da ba ki iya leƙa ƙofar gida, ta ina za ki bi ki kai Isa? Hanyar ɗaya ce fa."

Na zuba mata garin simintin a tafin hannu, na ce ta duba abin da anka gina. Ta daɗe tana kallonsa. Da safe na tarar ta yafa mayafi tana jirana.

Da munka kai kwalbatin direba ya ce a sauka a rage nauyi, sai na maƙale a kujera. Inna ta jawo ni kamar akuya, tana salati. Allon aikin kwalbatin na nan tsaye gefen hanya, bai ko karkace ba, da sunan kamfanin da manyan baƙaƙe. Na kwafe sunan a bayan takardata, harafi bayan harafi.

A shagon, mai kwamfuta ya gane ni, ya yi mana gaisuwa. Ya goge lissafi da fiziks, ya rubuta abin da na faɗa, sannan ya ɗago kai.

"Kin tabbata?"

Na waiga bencin. Inna ce zaune, ta sunkuyar da kai. Na san na saɓa wa Baba, kuma makarantar garinmu za ta ci gaba da jira.

"Na tabbata," na ce. "Danna."