Hawayen Mai Markaɗe

Mai Markaɗe ake ce mata a unguwar da ke tsallaken rafi. Tun rasuwar mijinta take tsaye kan injin, har ƙararsa ta ci mata kunne ɗaya. 'Ya ɗaya gare ta. Wata damina naƙuda ta zo wa 'yar da gardama, rafi ya cika, babu gada, asibiti kuwa yana ƙetare. A bakin ruwa ta haihu, a nan ta cika. Jaririyar ta rayu.

Da zaɓe ya matso, wani na hannun daman ɗan takara ya zo rumfarta, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, maigida ya ji abin da ya same ki, ko abinci ya kasa ci. Ki zo ki faɗa wa jama'a da bakinki. In ya hau, gadar nan ce aikinsa na farko."

Ta je. A taron farko magana ta maƙale mata, kuka kawai ta yi, fili ya yi tsit. Ɗan takara ya share ido, ya nuna unguwar masu kuɗi da yatsa, ya ce su suka kashe 'yar talaka. Shi ma can gidansa yake, amma ba wanda ya tuna.

Daga nan aka riƙa yawo da ita gari-gari. Aka gyara mata labarin: ta bar zancen ungozoma, ta dakata bayan maganar 'yarta ta "Inna, riƙe ni" har a gama ɗaukar hoto. Ran da hawaye suka ƙi zuwa, na hannun daman ya ce, "Daure, Inna, ki tuno fuskarta mana."

Ɗan takara ya ci. Tifa ta juye yashi a bakin rafi, ruwa ya zo ya kwashe. Mai Markaɗe ta je ƙofar gidansa, mai gadi ya gane ta, har ya kwaikwayi muryarta cikin raha, sannan ya ce maigida ya yi tafiya. Matan unguwa in sun kawo markaɗe sai su ce, "Uwar siyasa, ina gadarmu?"

Da jikar ta yi wayo, wata rana ta tambayi yadda uwarta ta rasu. Mai Markaɗe ta buɗe baki, sai ta ji jawabin dandamali ne ke fitowa, har da wurin dakatawa. Ta katse shi. Ta nemi ainihin abin da 'yarta ta faɗa ranar, ta rasa. Can ta ce wa yarinyar ta miƙo mata bokiti na gaba, ta tayar da injin.